Yadda na je taron masu harkar GPS a Munich cikin azumi

Tun da na dawo abokan aiki ke ta tambayata wai ya aka yi na je, me ake yi a wajen, kuma kuɗin da na kashe ya biya ko bai biya ba, to bari in zayyana abin tun daga tushe kowa ya karanta.

Ni aikina safiyo ne, awon filaye da gonaki da fitar da fegi, a nan Kano da kewaye. Abin da ya fara jefa min tunanin tafiyar nan wani aiki ne da muka yi a watan Oktoban 2023, wata gona ce babba can bayan gari da magada za su raba, kuma duk wanda ya taɓa aikin rabon gado ya san taku ɗaya ma sai ya raba zumunci. Mun girke na'ura ɗaya a kan ƙafa uku, wadda muke ce wa bes, ita ke tura wa ta biyun gyaran lissafi, yarona yana riƙe da ɗayar a sanda yana bin iyaka, tun safe komai lafiya lau, allon yana nuna fiks, wato na'urar ta kama siginar taurarin ɗan'adam ta tsayar da ainihin wurin, kuskure bai wuce santimita biyu ba. Saura turaku shida muka yi magariba, na ce mu ƙarasa da tocila kar mu sake ƙona mai gobe. Wajen ƙarfe takwas sai fiks ya ɓace. Ya dawo ya ɓace, ya dawo ya ɓace, taurari sun fi ashirin a allo, babu gajimare babu bishiya, batir a cike. Babban ɗan mamacin yana tsaye a kaina ya ce "Injiniya lafiya dai ko?" na ce lafiya Alhaji, mu bari sai da safe. Washegari da hantsi na kunna, ko minti ɗaya ba a yi ba ya kama. Na kai wa wanda ya sayar min ya duba ya ce ƙalau take, gara in sayi sabon samfuri kawai. Kuɗin sabon kuwa ya kai na mota.

To wani tsohon malamina ne da na kai wa kukan ya ce kafin ka zuba wannan kuɗin me zai hana ka je inda masu abin suke taruwa ka tambaye su baki da baki. Shi ya faɗa min sunan taron, Munich Satellite Navigation Summit, duk shekara ake yinsa a watan Maris a birnin Munich na Jamus, wata cibiyar binciken sararin samaniya ta jami'ar sojojin Jamus da ke can ita ke shiryawa, kwana uku ake yi. Na 2024 ya kama daga 20 zuwa 22 ga Maris.

Rajista a intanet ake yi kuma ba wuya, suna, wajen aiki, sai biya. Biyan ne ya ba ni ciwon kai don katin nairata ba ya fita waje, ga shi lokacin dala ta haura naira 1,500 kullum farashi sai ya canza tsakanin safe da yamma, sai da wani ɗan yayata da ke karatu a Turai ya biya min da katinsa ni kuma na tura wa mahaifiyarsa naira a nan. Da kuɗin ya shiga suka turo takardar tabbaci, na sake rubuta musu na roƙi wasiƙar gayyata mai ɗauke da sunana daidai da yadda yake a fasfo, wannan ku kula da shi sosai, harafi ɗaya ya bambanta sai ya zame maka matsala.

Sai biza. Shengen ce, wato bizar shiga ƙasashen Turai, ta ɗan gajeren zama, kuɗinta Yuro 80 a lokacin, daga baya cikin shekarar aka mayar da ita 90. Na haɗa fom, hoto, wasiƙar gayyata, shaidar otal, shaidar jirgi zuwa da dawowa, bayanan banki, takardun rajistar kamfanina, da inshorar lafiya wadda dole ta kai ta Yuro 30,000. Na ƙara da wata wasiƙa da na rubuta da kaina shafi ɗaya, na faɗi ko ni wane ne, me zan je yi, da ayyukan da na bari a hannu da za su dawo da ni. Shawarata kawai a fara neman ranar ganawa da wuri, watanni kafin taron, ni a Disamba na fara kuma fasfona bai dawo hannuna ba sai ana saura kwana goma sha ɗaya. Abokai kuwa da suka ji Munich ba wanda ya tambayi taro, rigar Bayern kowa ke so.

An ɗau azumi 11 ga Maris, na tashi daga Abuja ran 18. Daga filin jirgin Munich jirgin ƙasa na hau, S8, wajen minti arba'in ya sauke ni a babbar tasha, kuma a nan kusa na kama ɗan ƙaramin otal don kudu da tashar nan cike yake da shagunan Turkawa da Larabawa, akwai abincin halal akwai dabino akwai wajen salla. Wani abu da ya yi min daɗi shi ne agogonsu da namu ɗaya ne a wannan lokacin, ba su sauya zuwa lokacin bazara ba tukuna, ana shan ruwa wajen shida da rabi kusan tare da gida, sai in kira maiɗakina muna buɗa baki tare a waya. Sanyi ne dai kamar tsakiyar hunturu ko fiye, azumin kuwa ko ƙishirwa babu.

Zauren taron, Alte Kongresshalle, yana kusa da filin da suke bikinsu na Oktoba. Ka ba da sunanka a ba ka kati ka rataya a wuya, da ɗan littafin jadawali. Da Turanci ake komai. Akasari mutum biyar ko shida ne za su zauna a kan dandamali kowa ya yi bayani na 'yan mintoci sannan a buɗe tambayoyi, a waje kuma ga teburan kamfanoni da na hukumomi an jera kaya.

Abu na farko da ya fara zauna min a kai shi ne mu nan komai GPS muke ce masa kamar yadda kowane garin sabulu Omo ne, alhali GPS na Amurka ne kawai, sun harba na farko a 1978 ya kammala a 1995. Rasha na da GLONASS, Tarayyar Turai na da Galileo da ya fara aiki a Disamban 2016, Sin na da BeiDou da suka kammala a 2020, sannan Indiya da Japan kowa na da nasa na yanki, NavIC da QZSS. Gaba ɗaya GNSS ake ce musu. Na san wannan tun a makaranta amma daban ne ka ga mutanen da ke tafiyar da abin suna zaune suna faɗin tauraro nawa ke aiki, wanne za a harba, wace sigina za a ƙara. Taurarin GPS suna can nisan kilomita 20,200, na Galileo sun ɗara 23,000, kuma duk abin da suke turowa lokaci ne da matsayinsu, na'urarka ce ke lissafin sauran, tana buƙatar aƙalla huɗu, uku na wuri ɗaya na gyaran agogonta. Kuskuren kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa santimita 30 ne a ƙasa. Santimita 30 kuwa a cikin gari katanga ce sukutum.

Sai maganar kasuwa, wadda ita ce ta cika bakin kowa. Hukumar EUSPA ta Tarayyar Turai da ke Prague ta fitar da rahotonta na kasuwa a farkon shekarar, kuma alƙalumansa ake ta juyawa: kuɗin shiga na harkar GNSS a duniya ya kai wajen Yuro biliyan 260 a 2023, ana hasashen ya kai biliyan 580 a 2033, na'urorin da ke aiki kuma daga biliyan 5.6 zuwa kusan biliyan 9. Ina zaune ina ta ƙoƙarin juya biliyan 260 zuwa naira a waya har na haƙura. Amma da na nutsu na duba yadda aka kasa kuɗin sai na ga mafi yawansa a wayoyin hannu yake da manhajoji da motoci, mu masu safiyo da muke ganin mu ne 'yan gidan, ɗan yanki ne siriri a gefe. Wato mai Adaidaita da ke bin taswira a waya, da yaron da ke kai saƙon abinci a babur, da mai tirela da ubangidansa ya maƙala wa tiraka yana kallonsa daga Legas har Maraɗi, su ne kasuwar. Kuma siginar kanta kyauta ce ba wanda ke biyan ko kwabo, kuɗin yana wajen wanda ya ƙera ɗan guntun da ke cikin waya da wanda ya gina hidima a kai. A nan ne raina ya ɗan sosu gaskiya, don a cikin biliyoyin na'urorin nan akwai namu miliyoyi, muna cikin lissafin masu saye, amma a jerin masu ƙerawa da masu sayar da hidima sunayen Amurka da Turai da Sin da Japan kawai kake gani.

An daɗe kuma a kan toshe sigina da yi mata jabu. Siginar tana isowa ƙasa da rauni ƙwarai, ɗan ƙaramin abu sai ya danne ta, ko ma a turo ta ƙarya jirgi ya ɗauka yana wani wuri daban. Yankin tekun Baltik da Gabas ta Tsakiya su ake ta ambata, kuma wata guda da 'yan kwanaki da dawowata na ji kamfanin Finnair ya dakatar da zuwa Tartu ta Estoniya saboda wannan matsalar. Ba jirage kaɗai ba, turakun sadarwa da bankuna da layukan wutar lantarki duk da agogon tauraron suke saita lokacinsu, wani bincike da aka yi wa gwamnatin Amurka a 2019 ya ƙiyasta in GPS ya ɗauke za su riƙa asarar wajen dala biliyan ɗaya a kullum.

Duk wannan na ji na ƙaru, amma abin da ya kai ni bai fito ba sai rana ta biyu lokacin cin abincin rana. Kowa ya yi layi da faranti, ni kuma ina azumi sai na koma gefe wajen wani dogon tebur ina duba jadawali. Wata dattijuwa mai furfura ta zo da kofin shayinta ta tsaya, ta karanta katin wuyana ta ga Najeriya, ta tambaye ni ba zan ci ba ne, na ce azumi nake, ta ce to bari ita ma ta ajiye kofin, na ce a'a wallahi ta sha abinta. Malamar jami'a ce mai bincike a kan sararin sama. Na buɗe waya na nuna mata hoton allon na'urata na daren nan, na ba ta labari. Tambaya biyu kawai ta yi min, wane wata ne, kuma ƙarfe nawa. Na ce Oktoba, wajen takwas na dare. Ta jawo takardar goge hannu ta zana duniya da biro, ta ja layi a tsakiya ta ja wani a ɗan karkace ya ratsa ta kan Afirka ta Yamma, ta ɗiga a kai ta ce ga ku nan.

Bayaninta shi ne can sama akwai wani ɓangare na iska da ake kira ayonosfiya wanda hasken rana ke cajawa, kuma dole siginar ta ratsa ta ciki kafin ta iso mana. Layin tsakiyar maganaɗisun duniya ta kan Najeriya ya bi, a irin wannan yankin kuwa da zarar rana ta faɗi sai wannan iskar ta hargitse ta yi kumfa-kumfa, siginar da ta bi ta ciki sai ta riƙa rawa kamar yadda kake ganin fitila daga nesa tana ƙyafta ido, na'ura ta kasa riƙe ta. Ya fi tsanani daga bayan magariba zuwa tsakar dare, a watannin Maris da Afrilu da Satumba da Oktoba, kuma ya fi muni in rana ta kai ƙololuwar zagayenta na shekara 11, wanda a lokacin muna dab da shi. Ta ce na'urarka ba ta da laifi, sabuwa mai kama taurari da sigina da yawa za ta ɗan fi juriya amma ba za ta gyara sama ba. Wallahi sai da na ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjina, wata biyar ina zargin kaina ina zargin yarona ina zargin mai shago. Takardar nan tana cikin durowata har yanzu.

Sannan ta faɗi abin da ya fi damuna, ta ce su masu binciken babbar matsalarsu ƙarancin bayanai daga Afirka, tashoshin da ke naɗar sigina dare da rana sun yi kaɗan, shi ya sa lissafin gyaran da ake sakawa a na'urori ya fi dacewa da samaniyar Turai da Amurka. Jamus kaɗai tana da tashoshi wajen 270 a tsarinsu na SAPOS, ƙasar da Najeriya ta ninka ta fiye da sau biyu da rabi a faɗi, mai safiyo a can ba ya ɗaukar bes, sandarsa kawai da layin waya. Mu ma muna da namu, NIGNET, da ofishin Babban Safiyo na Tarayya ya fara kafawa a 2008, ga kuma cibiyar binciken awon ƙasa da ke Toro a Bauchi, amma tazarar da ke tsakanin tashoshi tana da yawa, shi ya sa har gobe muke yawo da ƙafa uku muna barin yaro yana gadinta a rana.

Da yamma na zagaya teburan kamfanoni da tambaya ɗaya, HAS. Wata hidima ce ta Galileo da aka buɗe a Janairun 2023, kyauta, gyaran yana saukowa kai tsaye daga tauraron ta siginar E6, ba bes ba layin waya, burinsu a samu daidaito na wajen santimita 20. Wani matashin injiniya ya yi min bayani tsakani da Allah ba irin na mai talla ba, ya ce ga iyakar fili a cikin gari wannan bai isa ba, amma ga taswirar gonaki da burtali da rijiyoyin burtsatse da layin ban ruwa a inda babu sabis, ya wadatar, sharaɗin dai na'urarka ta iya kama E6. Nan take na tuna wuraren da muke zuwa a Jigawa da bakin iyakar Nijar inda sai ka hau tudu kafin ka samu sanda ɗaya a waya. Na kuma yi masa maganar Minna Datum, tsohon ma'aunin da tsofaffin taswirorinmu da takardun filaye suke kai, wanda in ka ɗora lambobin tauraro a kansa ba ka juya ba sai fili ya matsa gomman mitoci, ya ce wannan kam aikinku ne na gida ba wanda zai yi muku daga nan.

Baƙaƙen fata a zauren ba mu da yawa, ana ganin juna sai a gaisa. Ɗaya daga cikinsu ma'aikacin harkar jiragen sama ne daga wata ƙasa mai Faransanci, Turancinsa kaɗan Faransancina babu, amma mun fahimci juna, muka sha ruwa tare a wani shagon Baturke da miyar adas da burodi. Shi ya tuna min da abin da ya kamata a ce na riƙe, cewa tauraronmu NigComSat-1R da aka harba daga Sin a Disamban 2011 yana ɗauke da kayan ƙarfafa siginar kewayawa, kuma ta kansa ne ASECNA, hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama da Nijar da Chadi da Kamaru ke ciki, ta fara watsa siginar gwaji ta SBAS, wato tsarin da ke turo gyaran siginar GPS ta tauraro, a 2020, har aka gwada saukar jirgi da ita a Lome a 2021. Amfaninta jirgi ya iya sauka daidai a ƙaramin fili da ba shi da na'urorin saukarwa masu tsada, ka tuna yadda ƙurar hunturu ke hana jirage sauka a Arewa. Ya ce "ɗan'uwa, abin namu ne, amma mu ne ba ma zuwa mu yi maganarsa." Na ji daɗi na kuma ji ciwo a lokaci ɗaya.

Ranar ƙarshe Juma'a ce, na fita da wuri na samu jam'i, na dawo na tattara katunan mutane, na sayi rigunan Bayern guda uku da cakulan na yara na kama hanya.

Sabuwar na'urar dai ban saya ba. Abin da na canza shi ne duk aikin iyaka yanzu daga asuba zuwa la'asar muke yinsa, in magariba ta yi ko turke ɗaya ya rage sai gobe, kuma ina yi wa masu fili bayanin dalili. A watan Mayun 2024 da aka yi babbar guguwar rana har taraktocin manoma a Amurka suka kasa bin layi ana tsakar shuka, yarona ne ya fara turo min labarin ya ce Oga ga abin nan naka. Tsohuwar bes ɗina ta farko da ke ajiye a kwali kuma na sa an yi mata ginshiƙin siminti a saman rufin ofis, na haɗa ta da batirin sola, tana naɗar sigina dare da rana, duk ƙarshen wata in kwashe in tura wa dattijuwar nan, wani ɗalibi daga jami'a a nan ma ya fara zuwa yana karɓa don aikin digirinsa na biyu. Batirin ne ke mutuwa wajen ƙarfe uku na dare in an yi kwana biyu ana hadari, yanzu kuɗin na biyu nake tarawa.